Darasin Wannan Wata: Adana Kayan Gado da Na'urorin Zamani

'Yan'uwa manoma, ga shi kaka ta wuce, an kai amfani gida, aikin gona ya yi sauƙi. Yanzu ne lokacin da aka saba yaɓen ɗaki da gyaran rumbu kafin ruwa ya sauko. Saboda haka muka ga ya kamata darasin wannan wata ya zama a kan wani irin gyara da ajiya wanda ba mu cika kula da shi ba, watau adana kayan gado. Muna roƙon magatakardan kowace ƙungiyar gama kai ya karanta shi a gaban jama'a ran taro, a hankali, ana tsayawa ana tattaunawa.

In an ce kayan gado, kada hankalinmu ya tafi ga gona da shanu kaɗai. Tsohon zaure da kakanni suka gina, gado ne. Takardar gona, da rajistar ƙungiya, da hotunan da aka ɗauka a shagunan masu hoto na Sabon Gari tun zamanin iyayenmu, duk gado ne. Haka kuma irin dawa da wani gida ya riƙe tun kaka da kakanni, da labarin da ke cikin kan tsoho wanda ba a rubuta ba. Waɗannan abubuwa in sun ɓace ba a sayo su a kasuwa. Yau kuwa kusan kowace ƙungiya tana da wanda ke riƙe da waya mai ɗaukar hoto da murya. Tambayar ita ce, yaya za a yi wannan waya ta taimake mu, kuma ina iyakar taimakonta?

Ginin ƙasa

Bari mu fara da abin da ya faru a nan kusa da mu. Babban Masallacin Juma'a na birnin Zariya an gina shi cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wanda ya shugabanci aikin shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda waɗansu littattafai ke kira Malam Mika'ilu. Da tubali da azara ya yi shi, ya tayar da bakan gizo manya, ya yi ɗaurin guga a bisansu. Masana gini na ƙasashe da yawa sun lissafta shi cikin mafi kyaun ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na ginin ya rufta, aka rasa rayukan mutum bakwai a ƙalla. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsaga a bangon kwana ɗaya kafin nan, ana shirin kiran injiniyoyi ke nan abin ya auku. Wannan rashi ya taɓa dukan mutanen Zazzau.

Shekaru da yawa kafin wannan, wani masanin gini mutumin ƙasar Polan, Farfesa Zbigniew Dmochowski, ya zaga Nijeriya tare da mataimakansa 'yan ƙasa, suna auna tsofaffin gine-gine da igiyar awo, suna zana su a takarda, suna ɗaukar hoto. Masallacin Zariya yana cikin waɗanda aka auna. Har aka gina kwatankwacinsa a gidan ajiye fasahar ginin gargajiya da ke Jos. An buga aikin nasa cikin littattafai uku a 1990, bayan rasuwarsa. To, ga amfanin awo. Ko gini ya faɗi, in akwai awonsa da zanensa, na baya za su san tsawon kowane ginshiƙi da yadda aka jera azara. In babu, sai dai a ce wai.

Yanzu akwai na'urar da ke yin wannan awo da haske, ana ce mata leza. Ana kafa ta a tsakiyar ɗaki, tana juyawa tana harba haske kowane gefe, tana auna nisan kowane ɗigo na bango da rufi. Kwamfuta ta haɗa ɗigon nan ta fitar da siffar ginin daidai wa daida. Wani malami mai suna Andrew Tallon ya yi wa babbar majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris irin wannan awo, ya tara ɗigo fiye da biliyan ɗaya. Ya rasu a 2018. Ran 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye rufin majami'ar. Awon da ya bari yana cikin abubuwan da masu gyara suka dogara da su, har aka sake buɗe ta a watan Disamba 2024.

Wannan na'ura tana da tsada, ba ta ƙungiyar ƙauye ba ce, ba kuwa za mu ruɗe ku da ita ba. Amma abin da ya fi muhimmanci ga tsaron rai, waya da rula ta 'yan makaranta sun isa. Ga yadda za a yi. A zaga ginin sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta. A ɗauki hoton kowane bango, ciki da waje, da rufi, da indararo, da gindin gini inda ruwa ke kwanciya. In an ga tsaga, a ɗora rula a kanta a ɗauki hoto, a sa alama da fensir a inda tsagar ta tsaya, a rubuta kwanan wata a gefe. Bayan mako biyu a komo a tsaya daidai wurin da aka tsaya dā, a sake ɗauka. Ido yakan saba da tsagar da ya ke gani kullum, har ya daina ganinta. Hoto biyu da aka jera kuwa ba su sabawa. In tsaga ta wuce alamar fensir, ko ta ƙara faɗi, ko an ga ƙasa tana zubowa daga rufi, a fitar da mutane nan da nan, a kira magini ko injiniya. Kada a ce sai an yi taro.

A nan muna so mu ja kunne game da siminti. Mutane da yawa sun ɗauka in an shafe ginin ƙasa da siminti an huta da yaɓe har abada. Ba haka ba ne. Ginin ƙasa yana shan laima yana kuma fitar da ita. Siminti yakan tsare laimar a ciki, tubali ya jiƙe ya ruɓe a ɓoye, waje kuwa yana nan sumul. Magina na dā sun san makuba da a ke yi da ɓawon ɗorawa, sun san laso da a ke haɗawa da katsin marina. Masu wannan sani suna ƙarewa. In akwai tsohon magini a garinku, a ɗauke shi a bidiyo yana kwaɓa ƙasa, yana faɗin kwana nawa a ke barinta ta tsima, da yadda a ke zaɓen giginyar da za ta yi azara. Gini irin majami'ar Wusasa, wadda aka yi da ƙasa a 1929, hannun irin waɗannan mutane ya ke bukata, hoto ba ya yaɓe.

Takardu

Aikin kwafe tsofaffin takardu ba baƙo ba ne a Samaru. Cikin shekarun 1960, a Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, an gudanar da Shirin Binciken Tarihin Arewa ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Ma'aikatan shirin sun bi gidajen malamai suna neman rubuce-rubucen Larabci da na ajami. Waɗansu an ba su kyauta, waɗansu kuwa aro aka yi, aka ɗauki hotonsu, aka mayar wa masu su. Wannan dabara ta aro da mayarwa ita ce ta sa mutane suka yarda suka buɗe adakarsu. A 2004 Babban Ɗakin Karatu na Ingila ya soma wani shiri na ceton takardun da ke cikin haɗari a ƙasashe dabam dabam, kuma ƙa'idarsa ke nan: takarda ta asali ta zauna a ƙasarta, hoto kaɗai a ke ɗauka. Shirin ya taimaka an ɗauki hoton tsofaffin takardu a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu da littattafan malamai? To, a duba akwatin ƙungiya. Akwai takardar rajista ta gwamnati. Akwai littafin zubi da na bashi. Akwai takardar filin da aka gina sito a kai, da sa hannun dagaci da shaidu, waɗanda watakila yawancinsu ba su da rai yanzu. A ce gara ta shiga akwatin nan cikin damina ɗaya. Bayan shekara biyar wani ya taso ya ce filin na ubansa ne. Da me za a je gaban alƙali? Filaye kuwa a kewayen Samaru da Sabon Gari kowa ya san yadda gari ke cin gonaki.

Ɗaukar hoton takarda yana da 'yan ƙa'idodi. A shimfiɗa ta a kan tebur mai tsabta a inuwa mai haske, kamar bakin zaure da hantsi, ba cikin rana tsaka ba. A wanke hannu, a bushe. A goge idon waya. A riƙe wayar daidai bisa takardar, kada a karkace, a tabbata dukan gefuna huɗu sun fito. A ɗauki gaba da baya, ko da bayan babu kome sai hatimi. In littafi ne, a fara daga bango, a bi shafi shafi, kada a tsallake ko ɗaya. Bayan kowane shafi goma a tsaya a buɗe hoton a ƙara girmansa, a ga ko ƙananan rubutu suna karantuwa. Takardar da ta yage kada a liƙe ta da salatif, domin danƙonsa yana cin takarda. Kada kuma a kai ta shago a rufe ta da roba mai zafi, gama in an yi haka ba ta sake fitowa. A sa ta cikin farar takarda mai tsabta, a ajiye cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa dutse ko benci, nesa da bango.

Abu ɗaya kuma: hoto ba ya maye gurbin takarda ta asali. Kada wani ya ce tun da an ɗauka sai a yar da tsohuwar.

Suna da lamba

Nan ne yawancin masu wannan aiki ke faɗuwa. Ɗaukar hoto dubu ba wuya. Wuyar ita ce bayan shekara uku a ce a nemo hoton takardar fili, a rasa shi cikin hotunan biki da na suna. Hoton da ba a san na mene ne ba, da shi da babu duk ɗaya.

Mu manoma muna da misali a gabanmu. Tashar binciken aikin gona ta Samaru an kafa ta a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk irin da ta fitar tana ba shi suna da lamba. Dawa SAMSORG ce, masara SAMMAZ, gyaɗa SAMNUT, wake SAMPEA, auduga SAMCOT, kowanne da lambarsa a gaba. Farkon sunan yana nuna Samaru, ƙarshensa yana nuna irin amfanin. Saboda haka malamin gona a Sakkwato da na Yola in sun ambaci lamba ɗaya, iri ɗaya su ke nufi. Haka za mu yi wa hotunanmu. A fara da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan sunan abin, sa'an nan lambar shafi, kamar haka: 2025-12-littafin-bashi-014. In an fara da shekara, kwamfuta da kanta za ta jera su bi da bi.

Ban da wannan, a sayi babban littafi mai layi, a mai da shi rajistar hotuna. Kowane abu a ba shi layi guda: lambarsa, mene ne shi, na wane ne, a ina aka ɗauka, yaushe, wa ya ɗauka, kuma ina na asalin ya ke ajiye. In tsohon hoto ne na mutane, a zauna da dattawa su faɗi sunayen waɗanda ke ciki daga hagu zuwa dama, a rubuta. Wannan shi ya fi gaggawa, domin mai sanin fuskokin nan ba zai jira mu ba. Masana suna kiran wannan bayani a kan bayani. In ƙungiya tana da mai kwamfuta, ya kwafe rajistar a ciki, amma littafin takarda ya zauna.

Irin shuka na gida ma a yi masa haka. A ɗauki hoton zangarniya da tsaba tare da rula, a rubuta sunan da a ke kiransa a garin, ko farafara ce ko kaura, wace ƙasa ya ke so, kwana nawa ya ke yi kafin ya nuna, da dalilin da ya sa mata suka fi son tuwonsa. Amma a tuna iri sai an shuka shi ya ke rayuwa.

Kwafi uku

Ba manomin kirki da zai zuba dukan irinsa cikin rumbu ɗaya. Masu binciken iri na duniya ma haka su ke yi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan tana riƙe da irin wake fiye da dubu 15, ta kuma aika da kwafin irinta zuwa babban rumbun iri na Svalbard, can cikin dutse mai ƙanƙara a arewacin Norwe, wanda aka buɗe a 2008. Waɗansu sun ɗauka ɓarnar kuɗi ce. Sai yaƙi ya tashi a Siriya, ma'aikatan wata cibiyar iri da ke kusa da birnin Halab suka rasa hanyar aiki da rumbunsu. A 2015 suka karɓo abin da suka ajiye a Svalbard, suka sake shuka shi a Labanan da Maroko.

Ƙa'idar masu adana bayani ita ce kwafi uku, a cikin ma'aji iri biyu, ɗaya kuwa a wani gari. Ga ƙungiya, wannan yana nufin kwafi ɗaya a kwamfuta ko katin memori a hannun magatakarda, ɗaya a filas cikin akwatin ma'aji, ɗaya kuma a ma'ajiyar intanet ko wurin amintacce a wani gari. Wurin ba zai yi yawa ba. In hoto ɗaya ya kai megabait 3, littafi mai shafi 200 zai ci megabait 600, filas ƙarami ya ɗauke littattafai da yawa. Takardu masu nauyi ƙwarai, irin na fili, a kai shagon kwamfuta a Sabon Gari ko Samaru a buga su a takarda kuma. In an gama a tsaya a ga mai shago ya share su daga kwamfutarsa.

Kada a ɗauki WhatsApp ko Facebook a matsayin rumbu. In an tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, yakan matse shi ya rage kyansa, ƙananan rubutu su dushe. Sai dai a tura shi a matsayin takarda. Ma'ajiyar Google tana ba da gigabait 15 kyauta, amma kamfanin ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a buɗe ba. Saboda haka a riƙa leƙawa. Asusun kuma ya zama da sunan ƙungiya, ba na wani saurayi ba, wanda gobe zai tafi Legas neman kuɗi da kalmar sirri a kansa. A rubuta kalmar sirrin a takarda biyu, a rufe cikin ambulan, ɗaya wurin shugaba, ɗaya wurin ma'aji.

Na'ura ma tana tsufa, har ta fi takarda saurin tsufa. A 1086 Sarkin Ingila Wiliyam ya sa aka ƙidaya gonaki da garemani da dabbobin ƙasarsa domin haraji, aka rubuta a kan fata cikin littafin da a ke kira Domesday. A 1986, don tunawa da cikarsa shekara 900, gidan rediyon BBC ya tara sabon bayani daga mutane wajen miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan makaranta, aka zuba cikin faifai na musamman da ke bukatar na'ura ta musamman. Kafin shekara 20 na'urar ta kusa ƙarewa a duniya, sai da masana na Jami'ar Leeds da abokan aikinsu suka sha wahala a 2002 kafin su ceto abin da ke ciki. Littafin fata kuwa yana nan ana karanta shi. Mu ma mun ga haka da idonmu. Gidaje nawa ke da kaset na muryar mahaifi, amma babu rediyon da zai juya shi? Don haka kowace shekara bayan kaka a buɗe kowane kwafi a gwada. Kowace shekara uku ko huɗu a kwashe zuwa sabon filas. A ajiye hotuna a siffar JPEG, takardu a PDF, domin kowace na'ura tana buɗe su.

Muryar dattawa

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. A zauna wuri marar hayaniya, a ajiye waya kusa da bakin mai magana. Da farko mai ɗauka ya faɗi kwanan wata da wuri da sunan dattijon ko dattijuwar. A bar su su yi magana da harshen da suka fi sakewa da shi, kada a katse su. A tambaye su iyakokin gonaki, da shekarun fari da na fara da abin da aka ci aka rayu, da yadda aka kafa ƙungiyar. Kada a manta da tsofaffin mata, gama sanin iri da ajiyarsa yawanci a hannunsu ya ke.

Amma lalle a nemi izini tukuna, a gaya musu inda maganar za ta je. Akwai abin da tsoho zai faɗa domin 'ya'yansa kaɗai. Littafin bashi kuma sirrin membobi ne, ba abin bazawa a intanet ba. In wani baƙo ya zo da na'ura ya ce zai ɗauki kayanku, ku yi masa maraba, amma a yi yarjejeniya a rubuce cewa na asali zai zauna wurinku, zai kuwa bar muku cikakken kwafi kafin ya tafi.

A taro mai zuwa, kowace ƙungiya ta zaɓi mutum uku domin wannan aiki: dattijo ɗaya wanda ya san tarihi, mace ɗaya, da matashi ɗaya mai iya waya. Su buɗe akwatin ƙungiya a gaban jama'a, su lissafta abin da ke ciki, su fara da takardar fili da ta rajista. Sa'an nan su zaga sito da ɗakin taro da rula a hannu. Ma'aji ya ware kuɗin filas biyu da littafi ɗaya daga asusu, a rubuta shi cikin littafin kashe kuɗi kamar yadda a ke rubuta kuɗin taki.